Hutun Kawu a Birnin Caca

(Jawabin da wani ɗalibi ya gabatar a taron ɗalibai 'yan ƙasar Zuru, gab da tafiya dogon hutu.)



Muna godiya ga waɗanda suka shirya wannan taro da suka ba mu damar tsayawa gabanku, ko da yake mun san a cikin zauren nan akwai waɗanda suka girme mu, suka fi mu ilmi, suka kuma fi mu iya magana. An ce mu yi jawabi a kan hutu, tun da yake jibi kowa zai ɗaure kayansa ya nufi tasha. To, mun ga ya kyautu mu ba ku labarin wani hutu da aka yi a cikin danginmu, domin abin da ya biyo bayansa ya shafi ɗalibin da ke jiran kuɗin makaranta daga gida, ya kuma shafi ma'aikacin da ke jiran ƙarshen wata.

Muna da wani kawu, ƙanen mahaifiyarmu, wanda ya daɗe yana aikin jinya a Jihar Teksas ta Amurka. Wata shekara da ya sami hutu sai ya kwashi matarsa da 'ya'yansa uku suka tafi Las Begas, birnin nan da ya yi suna a duniya wajen caca, suka kwana huɗu. Hotuna suka yi ta shigowa wayoyinmu a Zuru. Ga su nan tsaye gaban wata dala irin ta Fir'auna, ga su gindin hasumiyar ƙarfe irin ta birnin Faris, ga su cikin kwalekwale a wani kogi da aka haƙa a cikin bene, ga ruwa yana tashi sama yana rawa ana kiɗa. Da aka nuna wa kakarmu sai ta riƙe baki ta ce, "Ashe yaron nan har Masar ya kai su?" Muka ce mata a'a, duk gari ɗaya ne, titi ɗaya ma. Ba za mu ɓoye muku ba, jama'a, ranar nan mun yi sha'awa, har muka raina namu hutun da ba ya wuce Zuru zuwa Dabai, in an matsa a leƙa kasuwar Riba.

Kafin mu ci gaba da labarin Kawu, bari mu ɗan duba asalin wannan birni, domin kowa ya san tushen abu ya san rabin sirrinsa. Las Begas tana cikin hamada a Jihar Nebada, inda ruwan saman da suke samu a shekara guda bai kai wanda ke sauka a Zuru cikin watan Agusta kaɗai ba. An kafa garin a 1905 a matsayin zangon jirgin ƙasa. A 1931, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye, Jihar Nebada ta halatta caca don ta sami kuɗin shiga. A wannan shekara ce kuma aka soma gina madatsar ruwa ta Hoover a kan Kogin Kolorado, kimanin kilomita 50 daga garin, dubban leburori suka taru a wurin, kowa da albashi a aljihu, ba kuwa wurin kashe shi sai Las Begas. Ku lura da wannan, watau tun ran gini, gumin lebura ne harsashin garin. A ƙarshen 1946 aka buɗe otal ɗin Flamingo da kuɗin manyan 'yan ta'adda, wanda ya jagoranci ginin kuwa, Bugsy Siegel, bai cika shekara guda da buɗewa ba aka harbe shi har lahira. Daga nan gari ya yi ta bunƙasa, har ya zama a 2023 baƙin da suka ziyarce shi sun haura miliyan 40, gidajen cacar Jihar Nebada kuwa suka ci wajen dala biliyan 15 da rabi daga hannun masu wasa. Wannan adadi shi ne abin da mutane suka shiga da shi ba su fito da shi ba.

To, me ya kai mai iyali irin wannan wuri? Amsa ita ce, kiransa aka yi. Wajen 1990 masu gidajen caca suka lura magidanci ba ya sakin jiki ya daɗe in ya baro iyali a gida, sai suka ce to ya zo da su. A 1990 aka buɗe Excalibur mai siffar fadar sarakunan tatsuniya. A 1993 aka buɗe Luxor, dalar nan da ta ruɗi kakarmu, da Treasure Island inda a lokacin aka riƙa yin wasan yaƙin jiragen ruwa a ƙofar otal, da MGM Grand mai ɗaki fiye da 5,000, wanda aka yi wa filin wasan yara a bayansa. Amma ba a cika shekara goma ba aka rufe filin wasan, gama yaro ba ya caca, uban da ke riƙe da hannun yaro kuwa ba ya zama a tebur. A 2003 hukumar tallar birnin ta sake salo, ta koma yi wa manya alkawarin cewa duk abin da suka aikata a can ba zai biyo su gida ba. Gaskiya ne cewa a babban titin garin kuɗin ɗaki da abinci da kallon wasanni sun daɗe da zarce na caca, amma caca ce uwar da ta haife su duka, kuma har yanzu ita ce aka shimfiɗa a tsakar gida.

Ƙarshen wannan shekarar Kawu ya zo gida da iyalinsa, lokacin kaka, ana shirin Uhola. Da dare muka kewaye shi a tsakar gida muna tambaya, shi kuwa ya yi ta ba mu labari. Ya ce ɗakin da suka kwana ya yi araha ƙwarai in aka dubi ƙawarsa, sai daga baya ya tuna banza ba ta kai zomo kasuwa. Ya ce daga ƙofar otal zuwa inda ake hawa bene, tilas ka ratsa ta tsakiyar zauren caca, haka in za ka cin abinci, haka in za ka wurin iyo. A zauren nan ba ka ganin agogo, ba ka ganin taga, dare da rana duk ɗaya. Ba a ajiye tsabar kuɗi a tebur, sai an musanya maka su da waɗansu 'yan fayafayan roba masu launi, don kada ka ji zafin rabuwa da su. Wanda ya zauna yana wasa kuwa, abin sha kyauta ake kawo masa. Dokar Nebada ta hana wanda bai kai shekara 21 ba ya yi caca ko ya tsaya a wurin, amma ba ta hana shi ratsawa ba. Saboda haka 'ya'yan Kawu sun ratsa zauren nan sau da yawa kowace rana, suna jin ƙarar injunan nan da iyayenmu ke kira kalo-kalo, suna ganin manya na sowa.

Yana cikin wannan labari ne ɗansa, yaro ɗan shekara goma sha biyu, wanda ke zaune gefe tare da wani ƙanenmu, ya ɗaga murya da Hausarsa ta 'yan koyo ya ce, "Baba, zo ka gani, ga faifan nan na otal a cikin wayar Yaya!"

Tsakar gida ta yi tsit. Shi wannan ƙanen namu, ɗan yayar mahaifiyarmu ne, ya gama sakandare yana jiran shiga jami'a, kuma shi ne Kawu ya amince wa ya riƙa aiko da kuɗi ta asusunsa. Watanni kafin nan an aiko masa da kuɗin kwanon rufin ɗakin Kaka da na takin gona. An sayi taki rabi, kwano kuwa kullum sai ya ce ya yi tsada, a jira ya sauko. Kaka ta ƙare damina tana tara ƙwarya a ƙarƙashin yoyo. A daren nan gaskiya ta fito. Ya soma ne da naira ɗari a kan wasan ƙwallon Turai, ya ci sau ɗaya, ya ji daɗi. Da ya faɗi sai ya taɓa kuɗin kwano da niyyar mayarwa, da ya sake faɗi sai ya ninka don ya fanshe, daga ƙwallo ya koma faifai mai juyawa domin shi ba a jiran Asabar. Garin neman gira aka rasa ido.

Mun zaci Kawu zai tashi da faɗa. Sai ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, matso kusa. Akwai abin da ban gaya muku ba." Ya ce daren da za su baro Las Begas, bayan yara sun yi barci, ya ce wa matarsa zai sauka ya gwada dala ɗari kawai, don kada a ce ya zo bai taɓa ba. Bai komo ɗaki ba sai gab da asuba, ya bar dala ɗari shida a can, har da waɗanda ya ciro da kati. Ya ce, "Ni da furfura ta soma fito mini, na san abin da nake yi, ga iyalina a saman bene, ban iya tashi ba. Ni sai da na biya kuɗin jirgi na je na same ta. Kai kuwa ita ta zo ta same ka har ɗakin kwananka. Laifi ka yi, kuma za ka biya, amma ba zan ce kai kaɗai ne wawa a gidan nan ba."

'Yan'uwa, mu ɗalibai ne, ya kamata mu auna abin nan da alƙalami. Faifan da ake kira rulet, irin na Amurka, yana da gurbi 38, watau lamba 1 zuwa 36, da sifiri, da sifiri biyu. In ka zuba kuɗi a kan lamba ɗaya ta fito, za a ba ka ninki 35 a haɗa maka da uwar kuɗinka. To, mu ƙaddara mutum ya sa naira 100 a kan kowane gurbi, don ya tabbata ya ci. Ya zuba naira 3,800 ke nan. Lalle ɗaya za ta fito, a miƙo masa naira 3,600. Ya ci, amma ya yi hasarar naira 200. Wannan naira 200, kimanin kobo biyar cikin kowace naira, ita ce ta gina dalar Fir'auna a hamadar Nebada. Mai gidan caca ba ya bukatar sa'a, ba ya bukatar maguɗi, abin da yake bukata kawai shi ne ka daɗe a zaune.

Cacar ƙwallo da ta cika wayoyinmu ta fi wannan muni, saboda al'adar haɗa wasanni da yawa a takarda ɗaya. Mu ƙaddara ka haɗa wasa goma, kowane ɗaya ko a ci ko a faɗi daidai wa daida. Damar duka goman su zo yadda ka ce ita ce ɗaya cikin 1,024. In kuma kamfani yana yankar kobo biyar a kowane wasa, yankan nan hawa yake yi bisa juna, har ya zama kowace naira da aka zuba, kimanin kobo 60 ne ke komowa hannun jama'a. Yanzu mu dubi ma'aikaci mai karɓar mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a 2024, naira 70,000. In yana sa naira 500 kowace rana, a shekara ya zuba naira 182,500. In kobo 40 na kowace naira sun tafi, ya rasa naira 73,000, watau ya yi wa kamfanin caca aikin wata guda cur ba lada. Wannan ma lissafin tsaka-tsaki ne, gama kobo 60 ɗin nan 'yan kaɗan ne ke kwashe su, a buga hotunansu a yi talla, saura su tashi hannu rabbana.

Akwai kuma ruɗin da ke cewa wanda ya daɗe yana faɗuwa, cinsa ya kusa. An rubuta cewa ran 18 ga Agusta 1913, a gidan cacar Monte Karlo da ke ƙasar Monako, ƙwallon faifai ya faɗa baƙin gurbi sau 26 a jere. Mutane suka yi ta tula dukiya a kan ja, suna cewa ai yanzu kam tilas ya juya, suka tsiyace. Faifai ba ya tuna abin da ya wuce, ba ya kuma jin tausayin wanda ya sayar da akuyarsa.

Tun da mun ambaci Monte Karlo, akwai darasin da ya fi kowane girma a can. Monako 'yar ƙaramar ƙasa ce a bakin teku, kudu da Faransa, faɗinta kimanin murabba'in kilomita biyu. Bayan ta rasa garuruwanta biyu, Menton da Roquebrune, waɗanda suka koma hannun Faransa a 1861, baitulmali ya bushe. A 1863 Sarki Charles na Uku ya danƙa harkar caca ga wani Bafaranshe, François Blanc, kuɗi suka yi ta kwarara, har a 1869 aka yafe wa talakawan ƙasar haraji. Amma dokar ƙasar ta hana ɗan asalin Monako shiga zauren ya yi caca. Baƙo dai ya zo ya zubar. Haka Singafo, da ta buɗe gidajen caca a 2010, ta bar baƙo ya shiga kyauta, ɗan ƙasa kuwa sai ya biya dalar Singafo 100 a ƙofa, a 2019 aka ƙara zuwa 150. A nahiyarmu ma, gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta hana caca a garuruwanta, amma a 1979 aka buɗe Sun City a Bofutatswana, ɗaya daga cikin yankunan da aka ware wa baƙar fata. Jama'a, in kun ga mai tuwo ya hana 'ya'yansa cin abin da yake sayarwa, ai ba sai an gaya muku abin da ke cikin miyar ba.

Mu a nan ba baƙin wannan magana ba ne. Iyayenmu sun san karta a bayan kasuwa, sun san kalo-kalo, har gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa dokar hana injunan caca a 1977. A 2000 jihohin Arewa da dama, har da tamu ta Kebbi, suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci. A 2005 Gwamnatin Tarayya ta yi dokar kula da caca, a Nuwamban 2024 kuwa Kotun Ƙoli ta yanke cewa wannan hurumin jihohi ne. A wannan shekara kuma Hisba ta Kano ta bi shagunan cacar ƙwallo tana rufewa. Gidajenmu na Zuru, inda sau da yawa za ka tarar wa yana zuwa masallaci ƙane yana zuwa majami'a, ba mu san wani limami ko fasto da ya yabi caca ba, kuma Musulminmu sun san hukuncin da ke cikin Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91. Amma fa shago ake iya garƙame wa kwaɗo. Wayar da ke aljihun yaro da tsakar dare, ba ɗan doka ba ɗan Hisba da zai tsare ta, sai shi mai ita, sai kuwa mu da muke kwana ɗaki ɗaya da shi.

Abin da ya fi ba mu kunya shi ne, mu jikokin masu golmo ne. A al'adar Lelna, saurayi kan shiga golmo ya yi shekaru, a da har bakwai, yana noma a gonar surukinsa tare da tsaransa kafin a ba shi mata. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan al'ada a yau, abin da take koyarwa a fili yake, cewa abu mai daraja da gumi da haƙuri ake samunsa, kuma a gaban idon jama'a. Wannan horo ne ya sa aka san ƙasar Zuru da noma da aikin soja. Yaya za a yi jikan wanda ya yi shekara bakwai yana huɗa ya zauna yana jiran wani ɗan ƙwallo a Ingila ya azurta shi cikin minti casa'in?

Saboda haka muna da roƙo uku. Na farko ga 'yan'uwa ɗalibai: in akwai wanda abin nan ya kama, kada ya jira sai an gano shi yadda aka gano ƙanenmu. Ya faɗa wa wani da ya amince da shi tun kuɗin makaranta ba su tafi ba, ya goge abin daga wayarsa, ya kuma sani kuɗin da suka tafi sun tafi, bin sawunsu shi ne ramin da ya fi zurfi. Mu kuma da za a faɗa wa, mu yi koyi da Kawu, kada mu mai da shi abin dariya. Na biyu ga yayyenmu ma'aikata: ranar da albashi ya shigo, a fitar da na abinci da na haya da na gida tun kafin rana ta faɗi, a shiga adashi ko ƙungiyar tsimi ta wurin aiki, domin kuɗin da ke kwance a waya suna jin kira. Wanda ke aika kuɗin aiki gida kuwa, ya sanar da mutum biyu, kada ya ɗora wa yaro ɗaya jarrabawar da shi kansa bai tabbata zai ci ba.

Na uku ya komo kan hutu, inda muka faro. Ba mu ce kada a yi tafiya ba, tafiya mabuɗin ilmi ce. Da aka tambayi babbar 'yar Kawu abin da ya fi burge ta a tafiyarsu, ba ta ambaci dala ko hasumiya ba, sai ta ce madatsar Hoover, mai tsawon mita 221, da suka je gani rana ta uku. To, mu ma muna da Kainji, wadda aka gama a 1968, tafkinta ya miƙo har Yawuri. Muna da Argungu da gidan tarihin Kanta, muna da Girmace a nan Zuru, muna da Uhola da kokawarta da raye-rayenta. Mun san hanyoyinmu ba kamar da ba ne, ba mu manta da jinin da 'yan bindiga suka zubar a Danko-Wasagu da Sakaba a 2021 da 2022 ba, don haka kowa ya yi tambaya kafin ya kama hanya. Amma wanda ya sami iko ya kai 'ya'yansa su ga inda aka binne cibiyarsa, su ji C'lela a bakin kakanninsu, gama kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ƙanen namu kuwa, Kawu ya sayi kwano aka rufe ɗakin Kaka kafin ya koma, amma ya rubuta kuɗin bashi ne a kansa. Damina ta gaba yaron ya karɓi gona ya noma dawa, ya biya rabi, saura rabi. Yana nan yana biya.

Shugaban taro, mun ga an ɗago mana hannu, lokaci ya cika. Inda muka yi kuskure a gafarce mu. Allah ya kai kowa gida lafiya, ya sa mu tarar da iyayenmu lafiya, ya komo da mu lafiya.